Yadda ake aiki da injin hazo don hasken fitilu ya fito a ƙaramin zaure

Wanda ya taɓa biyo hanyar Ɗan Issa da daddare a tsakiyar hunturu ya san yadda hasken fitilar mota ke miƙewa a gabansa kamar sanda, yana ganin jikinsa tun daga inda ya fito har inda ya ƙare. Ƙurar da ke yawo a iska ce ke tare hasken tana watso shi cikin ido. Aikin da injin hazo ke yi a zauren biki ke nan. Komai tsadar fitilunka, in iskar zauren fes take, jama'a ba za su ga komai ba sai ɗigon launi a bango da ƙasa.

Da farko ka bambance shi da injin hayaƙi, don masu haya sukan kira su da suna ɗaya. Na hayaƙi yana feso farin gajimare bul, ya rufe amarya da ango na ɗan lokaci, ya watse. Na hazo kuwa a hankali yake busa siririn tururi mai daɗewa a iska, wanda ba ka ganinsa sai haske ya ratsa shi. Shi ma iri biyu ne. Akwai mai ruwan gilikol ko giliserin da injin ke dumamawa, akwai mai man ma'adini da kwamfuresa ke farfasawa ba tare da zafi ba. Na mai ya fi daɗewa a iska, amma yana barin maiƙo a gilashin fitila da cikin kayan sauti, kuma da ƙurar Maraɗi ta hau maiƙon sai ya zama dauɗa mai wuyar gogewa. A ƙaramin zaure, ni dai na ruwa nake ba da shawara.

Ruwan da kamfanin injin ya ce a zuba, shi za ka zuba. Kada ka sayi giliserin a kanti ka gauraya da ruwan famfo don neman sauƙi. Ruwan famfo yana barin gishiri ya toshe bututu, giliserin kuma in ya sha zafin da ya wuce kima yana fitar da iskar da ke yaji a ido da maƙogwaro. Galan mai lita 5 na ainihi yana kai ka nesa, tunda kaɗan-kaɗan injin ke sha.

Sai babban aikin, wato sanin iskar zauren. Ka je da wuri, tun kafin masu ado su cika wurin. Ka sa a kunna bantilatoci, wato fankoki, da kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, daidai yadda za su kasance da dare, a buɗe ƙofofin da za a bari a buɗe. Sannan ka kunna turaren tsinke ɗaya, ka zagaya da shi a hannu: gaban dandamali, bayansa, kusurwoyi, bakin ƙofa. A kowane wuri ka tsaya ka dubi zaren hayaƙin. Wani wuri zai miƙe sama sak, wani wuri zai karye ya ruga taga. Inda iska ke tasowa ta nufi dandamali, nan ne mazaunin injinka. In ka ajiye shi inda iska ke fita, titi za ka yi ta cikawa da hazo har ruwanka ya ƙare. Ka ɗora ƙaramar bantilata a bayansa, ka ɗan ɗaga kanta sama, don ta baza tururin kada ya taru wuri guda. Bakin injin kada ya kalli fuskar mawaƙi ko teburin abinci, kuma ka shimfiɗa tsumma a gabansa, don tayil yakan yi santsi a nan.

A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, babu mai biki da zai yarda ka kashe masa bantilata, kuma gaskiyarsa ce. Abin da za ka roƙa shi ne a rage gudun waɗanda ke saman dandamali, a rufe ƙofar da ta fi kusa da shi. In kuwa a tsakar gida ne ko ƙarƙashin rumfa a bakin titi, ka faɗa wa mai biki tun farko cewa hazo ba ya zama a fili, kada ka karɓi kuɗinsa a kan haka.

Kuran ɗinmu volt 220 ne. Ka karanta ƙarfin injin a jikinsa, don masu dumama ruwa wasu suna kai wat 1,000 ko fiye. Ka ba shi layinsa daban, ba ralanjin (wayar ƙarin soket) da amfili, na'urar ƙara sauti, ke kai ba, in ba haka ba duk lokacin da ya ja wuta sai ka ji a lasifika. In a kan gurup kuke, wato janareto, ka haɗa lissafinsa da na fitilu da na sauti tun kafin a tayar.

Ka kunna shi minti 20 zuwa 30 kafin baƙi su fara shigowa. Bayan ya yi ɗumi, ka rage fitilun zaure, ka bar fitila ɗaya mai siririn haske, ka ƙara fitar hazon kaɗan-kaɗan. Ka koma kujerar ƙarshe ka duba. Da zarar ka ga jikin hasken daga can, ya isa, sai ka sauke shi zuwa matakin da zai riƙa cike gurbin wanda iska ke kwashewa. In kana da tebur na DMX, wato na'urar sarrafa fitilu daga nesa, yawancin injinan suna ba ka layi biyu, ɗaya na yawan hazo, ɗaya na gudun fankar ciki, ka riƙa gyarawa daga inda kake zaune. Kuskuren da na fi gani shi ne yawa. Zaure ya yi fari fat, launuka su dushe, kwalliyar amarya ta ɓace a bidiyo, kyamara ta kasa kama fuska. Ka riƙa leƙa allon mai ɗaukar bidiyo, shi zai fara nuna maka in ka wuce gona da iri.

Wurin fitilu ma sai an gyara. Hazo ya fi nuna hasken da ke tahowa wajen mai kallo, don haka fitilun launi su koma baya da gefe da sama, na gaba kuma a bar daidai abin da zai haska fuska. Zaurukanmu da yawa farin fenti gare su, yana maido da haske ya cinye komai. Baƙin labule a bayan dandamali yana gyara wannan fiye da ƙarin fitila biyu.

Ka tambayi mai biki ko akwai masu fuka, ka nesanta kujerun tsofaffi da mata masu goyo daga bakin injin. A otal, ka tambayi mai kula da zaure ko akwai na'urar gano hayaƙi a rufi, don hazo yana iya tayar da ita. Ku yi shawara da shi, kada ka toshe ta da kanka.

An tashi, kada ka fizge waya. Ka kashe shi ta maɓallinsa, ka bar shi ya gama wanke bututunsa in yana da wannan tsari, ya huce. Ka rufe bakin tankin da kyau kafin a ɗora shi a mota, ka kakkaɓe soson da ke tace masa iska, ka mayar da shi akwatinsa a rufe.