Duba tirela kafin ta bar kasuwar Dawanau ta Kano

Malam direba, an gama lodin hatsi, amma kada ka tashi tukuna.

Da farko ka ja birkin hannu, yaron mota ya sa waigi. Sannan ka zagaya da kanka kana bugun kowace taya da ƙarfe. Wadda iskarta ta ragu za ka ji sautinta ya mutu. Ka lura da tayoyin ciki na baya, su aka fi mantawa da su, kuma zafin kwalta a watan Afrilu ba ya barin taya mai rauni ta kai Zariya.

Duba baƙin mai da ruwan lagireto tun inji na da sanyi.

Sai ka kunna mota, ka jira gejin iskar birki ya cika, ka taka birki ka saurara. In ka ji iska na tsiyaya, babu tafiya sai an gyara, ko da mai kaya zai yi fushi.

Ƙara ɗaure igiyoyin tamfol, gwada fitilu da sigina, tabbatar da abin kashe gobara. Ajiye 122, lambar gaggawa ta FRSC, hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, a wayarka.

Daga ƙarshe yaro ya leƙa ƙarƙashin mota, domin 'yan dako kan kwanta a inuwarta, sannan ya cire waigi.