Yadda unguwannin Jos za su haɗa kai su kare rafi da rijiyoyinsu

Jos a kan tudu take, ruwan da ya sauka a kanta kuwa ba ya zama. Daga Afrilu zuwa Oktoba ana samun ruwan sama kusan milimita 1,400. Wani ya gangaro daga duwatsun Shere ya shiga madatsun Lamingo da Liberty, wani ya bi Kogin Dilimi ya ratsa tsakiyar gari ya nufi Jihar Bauchi. Duk abin da ya tarar a hanya da shi yake tafiya: bola, baƙin mai, jinin mayanka, ragowar takin zamani, da abin da ke tsiyayowa daga masai. Ƙarƙashin garin dutse ne, yawancin rijiyoyin gida ba su da zurfi, don haka ƙazantar da ta shiga ƙasa ba ta yin nisa kafin ta iske ruwan sha. Mai gida zai iya gyara bakin rijiyarsa iya ƙarfinsa, amma idan masan maƙwabcinsa na sama yana yoyo, aikinsa ya tashi a banza.

Saboda haka a kafa kwamitin ruwa, iyakarsa ta bi magangarar ruwa, ko da ta tsallake iyakar unguwa. Nan ne aka fi yin kuskure. Sai a kafa kwamiti na unguwar da ke shan wahala, wato ta gangare, a bar ta sama inda ɓarnar ke fitowa. A Jos, inda rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 suka raba mazaunin jama'a, sau da yawa na sama da na ƙasa ba masallaci ɗaya ko coci ɗaya suke zuwa ba. Dole ne liman da fasto su zauna a kwamitin tun ranar farko, tare da masu unguwannin ɓangarorin biyu, kuma a riƙa sauya wurin taro, wannan wata a nan, wata mai zuwa a can.

Bayan liman da fasto da masu unguwanni, mutum tara zuwa goma sha ɗaya sun isa. A ba mata aƙalla kujeru huɗu, domin su ne suka fara ganin ruwa ya canza launi ko wari, kuma ma'aji ta fi kyau ta fito daga cikinsu. Sauran kujerun na waɗanda sana'arsu ke taɓa ruwa ne: 'yan ga-ruwa, masu lambu, masu wankin mota, mahauta, masu buga bulo da masu ɗibar yashi. Wanda aka yanke wa doka ba ya wurin, ba zai bi ta ba.

Zagayen farko

A yi shi da ƙafa, daga inda rafin ya shigo yankin har inda ya fita, sau biyu: a Fabrairu ko Maris lokacin da ruwa ya ja baya komai ya fito fili, sannan a Agusta bayan an yi ruwa mai ƙarfi, a ga inda kwata ke ambaliya. A riƙe babbar takarda, igiyar awo, da waya mai ɗaukar hoto. A zana kowace rijiya, bohol da idon ruwa, a ba kowanne lamba. Sannan a sa alamar masai, sokawe, juji, garejin makanikai, mayanka, da tsofaffin kududdufan haƙar kuza.

A auna tazarar kowace rijiya da masai mafi kusa. Abin da ake so shi ne mita 30, masan yana gangaren rijiyar, kuma gindin raminsa ya fi saman ruwan ƙasa da aƙalla mita ɗaya da rabi a tsakiyar damina. A unguwanni masu cunkoso irin su Gangare da Unguwar Rogo da wuya a samu wannan tazara, kuma babu amfanin a yi kamar za a samu. Rijiyar da ta gaza mita 15 a sa mata jan fenti, ruwanta na wanki ne da wanka, sai dai in an tafasa ko an sa masa kulorin.

Yarjejeniya a rubuce

Bayan zagaye a zauna da kowane rukuni daban, a fito da abin da za su iya yi da kuɗin da suke da shi. Masu wankin mota su ja baya daga bakin rafi, su haƙa rami mai ɗaki biyu, na farko ya tare yashi, na biyu ya tare mai da ke tasowa sama, a riƙa kwashewa duk mako. Makanikai su tara baƙin mai a duro, akwai masu saye. Mahauta su tare jini da tumbi kafin su kai kwata, masu lambu na son su a matsayin taki. Masu lambun kabeji da karas da latas su bar aƙalla mita 10 daga bakin ruwa ba shuka, kada su wanke tankin feshi a rafi, kada su zuba taki in hadari ya haɗo. Kowane alkawari a rubuta wanda zai yi, ranar gamawa, da tarar wanda ya saɓa. Mai unguwa, kansila da duba-gari na ƙaramar hukuma su sa hannu. Hana mutum zubar da shara a rafi ba tare da an nuna masa inda zai kai ba, ba ya wuce mako biyu. A nemi hukumar tsabtace muhalli ta Jihar Filato, wato PEPSA, ta ware wurin tarawa da ranar kwashewa kafin dokar ta fara aiki.

Shara a rafi ta wuce maganar ƙazanta. A Yulin 2012 ruwa ya yi ambaliya daga ɓangaren madatsar Lamingo ya afka wa Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo, aka rasa rayuka da dama. Kwalbatin da leda ta toshe da ginin da ya shiga hanyar ruwa su ne ke mayar da ruwan sama mai ƙarfi bala'i. A yi gayyar yashe kwata a Maris, kafin ruwan farko.

Gyaran rijiya

A ɗaga bakin rijiya da bulo ko kankare ya kai santimita 80. A zuba daɓen siminti kewaye da ita, faɗin mita ɗaya da rabi zuwa biyu, kaurin santimita 10, da kwaɓin siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, a karkata shi waje. A ja 'yar kwata mai tsawon mita 5 ko fiye zuwa ramin da aka cika da duwatsu. Mita uku na sama na cikin rijiyar a shafe su da siminti, domin ta nan ruwan kwata ke kutsawa. Daɓen da ba a riƙa jiƙa shi na kwana bakwai ba zai tsage, ruwan wanki ya koma ciki ta tsagar. A sa murfi, a ajiye guga ɗaya da igiyarsa a rataye. Gugan da kowa ke kawowa daga gida ya ajiye a ƙasa yana ɓata rijiyar da aka kashe wa kuɗi.

Bayan gyara, ko bayan ambaliya, a wanke rijiyar da garin kulorin mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, giram 75 ga kowace lita 1,000. Rijiya mai faɗin mita ɗaya da ruwa mai zurfin mita uku tana ɗauke da kusan lita 2,400, wato giram 180. A dama a bokitin roba, da safar hannu, a bar dusar ta kwanta, a zuba ruwan saman, a goge bango da shi. A rufe ta kwana, washegari a kwashe har warin ya tafi. Wannan wanki ne na lokaci ɗaya. In masai na ci gaba da yoyo, cikin 'yan kwanaki ƙwayoyin cuta za su dawo.

A gaɓar rafi da ke zaizayewa a dasa jema a jere, tsakanin tushe da tushe santimita 10 zuwa 15, a farkon damina. Saiwarta na nutsawa ƙasa sosai tana riƙe gaɓa. Bishiyar turare ta cika Jos, amma kada a dasa ta kusa da idon ruwa, shan ruwanta ya yi yawa. Idon ruwa a kewaye shi da shinge, a haƙa lambatu mita 10 zuwa 15 a samansa ya kauce da ruwan sama, a yi wa dabbobi mashaya a gangare.

Gwaji da kuɗi

Ruwa garau ba shaidar tsabta ba ne. A kai samfuri ɗakin gwaji sau biyu a shekara, a kwalbar da su suka bayar, cikin ƙanƙara, kafin awa shida. Ma'aunin ruwan sha na Nijeriya bai yarda da ƙwayar E. coli, wadda ke nuna najasa ta shiga ruwa, ko ɗaya a mililita 100 ba, naitiret kada ya wuce miligiram 50 a lita, dalma kada ta wuce miligiram 0.01 a lita. Inda ake kusa da kududdufin kuza ko gareji, a nemi gwajin ƙarafa musamman, domin tafasawa da kulorin ba sa cire su. A liƙa sakamakon a ƙofar masallaci da coci da lambar kowace rijiya.

A yi rajistar ƙungiyar a ƙaramar hukuma, a buɗe asusun banki mai sa hannun mutum uku, biyu su isa cire kuɗi. Gudummawar wata-wata ta zama kaɗan yadda kowane gida zai iya, 'yan ga-ruwa su biya kan kowace kura, a karanta lissafi a bainar jama'a duk wata uku. In za a je PRUWASSA, hukumar samar da ruwa da tsabta a karkara ta Jihar Filato, ko hukumar ruwan Jos, ko ofishin ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasa da magangarun ruwa, neman taimako, a tafi da taswirar zagaye, sakamakon gwaji, kwafin yarjejeniya da takardar banki, a nemi abu ɗaya mai farashi, kamar zoben kankare na rijiyoyi biyar. A karɓi hatimin shaidar karɓa a kan kwafin wasiƙar, a sa mutum biyu su koma bibiya bayan mako biyu.