Kurakuran da aka fi yi da filasmid wajen binciken maikro-RNA a ƙudan 'ya'yan itace

Idan gwaji ya ƙi, ɗalibai sukan ɗora laifin a kan ƙuda, alhali sau da yawa tun daga filasmid, wato ɗan zoben DNA da ake shigar da jeri cikin ƙuda da shi, aka yi ɓatan kai.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a saka balagaggen maikro-RNA kaɗai, wato guntun RNA mai nukiliyotaid (haruffan jerin) kusan 22 da ke rage aikin wasu ƙwayoyin halitta, a cikin filasmid. Inzayim Drosha da abokin aikinsa Pasha ba sa gane wannan guntu, domin abin da suke yankawa shi ne zaren da ya naɗe kansa ya yi lanƙwasa, tare da jerin da ke gefensa biyu. Sai bayan haka inzayim Dicer-1 ya ƙarasa aikin a miƙa wa furotin Ago1. Gyaran shi ne a kwafo yankin daga DNA na ƙudan da rarar jeri hagu da dama.

Sai zaɓen filasmid ɗin kansa. Tsarin GAL4 da UAS, wanda Brand da Perrimon suka fitar a 1993, inda furotin GAL4 ke kama jerin UAS ya kunna abin da aka dasa, yana aiki da filasmid pUAST a sassan jiki, amma a ƙwayoyin haihuwar mace da kyar yake motsi. Mai binciken ƙwai sai ya nemi pUASp, in ba haka ba zai rubuta cewa maikro-RNA ɗin ba shi da tasiri, bayan ko kunnuwa bai yi ba. Haka kuma kwatanta layukan ƙuda da aka dasa musu filasmid a wurare barkatai rashin adalci ne. A yi amfani da filasmid mai jerin attB da inzayim phiC31 a sauke kowa a wuri guda a cikin DNA na ƙuda, kamar attP40 ko attP2.

Soso, wato filasmid mai jera wuraren kama maikro-RNA don ya tsotse shi, yana da nasa halin. Saboda jerinsa maimaici ne, bakteriya takan datse shi ba tare da an lura ba, don haka a rena shi a cikin irin bakteriyar da ake kira Stbl3 a digiri 30, a kuma karanta jerin kafin a yi wa ƙwai allura. Kada a manta da soson da aka hautsina jerinsa domin kwatance.

A nan Kano akwai ƙarin abin lura. Ƙarfin GAL4 yana bin zafi: ya yi rauni a digiri 18, ya tsananta a 29. A watan Afrilu, idan aka ɗauke wuta da rana tsaka janareta bai tashi ba, kwalaben ƙudan da aka aje a digiri 25 sukan ɗumama, sakamakon ya sauya, har mazan ƙudan su daina haihuwa idan zafin ya daɗe. A saka ma'aunin zafi mai adana bayani a cikin inkubeta. Ajiyar bakteriya a gilisarol ma ba ta jure narkewa da sake daskarewa, saboda haka a ɗiga tsarkakakken filasmid a takardar tacewa, a busar, a aje a wani ɗakin dabam.