Kurakuran da aka fi yi wajen tsara sabar da NixOS

A NixOS, wani nau'in tsarin Linux, fayil ɗin /etc/nixos/configuration.nix ne ke fayyace yadda sabar, wato kwamfutar da ke yi wa wasu hidima ta intanet, za ta kasance, tun daga manhajojin da za a girka har zuwa ayyukan da za su tashi da zarar an kunna ta. Yawancin kurakurai daga hannun da ya saba da gyara kai tsaye suke fitowa.

Wanda ya taso a wasu nau'o'in Linux kamar Ubuntu ko Debian yakan buɗe fayil a cikin /etc da niyyar gyarawa, sai ya tarar da yawa daga cikin fayilolin suna komawa ne ga /nix/store, ma'ajiyar manhajoji da fayilolin tsarin NixOS, inda ba a ba da damar rubutu ba. Wani kuma ya girka manhaja kai tsaye da umarnin nix-env, ta yi aiki lafiya lau, amma ranar da aka gina sabar a wata na'ura sai a neme ta a rasa, domin ba a taɓa sanya ta cikin jerin manhajoji na environment.systemPackages ba. Maganin duka biyun shi ne a rubuta buƙatar a configuration.nix, sannan a gudanar da umarnin nixos-rebuild switch domin sauyin ya fara aiki.

Kuskuren da ya fi haɗari shi ne rubuta kalmar sirri a cikin fayil ɗin. Abin da aka rubuta a ciki yakan shiga /nix/store, wanda duk mai asusu a na'urar ke iya karantawa, kuma idan fayil ɗin ya shiga Git, manhajar da ke adana tarihin sauye-sauyen fayiloli, share layin daga baya ba ya goge shi daga tarihi, dole ne a sauya kalmar gaba ɗaya. Don haka ne ake amfani da manhajojin agenix ko sops-nix, waɗanda ke ajiye sirrin a kulle.

Sai kuma saitin system.stateVersion da ke cikin fayil ɗin, wanda sunansa yake yaudarar mutane. Sabon NixOS yana fitowa a watan Mayu da Nuwamba, wasu kuma sai su ɗaga lambar daga 24.05 zuwa 24.11 suna zaton sabuntawa ke nan, alhali tana nuna sigar da aka fara girkawa ce, kuma ɗaga ta na iya sauya sigar PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai, a kan tsofaffin bayanai. A bar ta yadda take.

Kunna nginx, manhajar da ke isar da shafukan yanar gizo, ba ya buɗe ƙofofi 80 da 443 da ake bi a kai ga shafukan, sai an ambace su a networking.firewall.allowedTCPPorts. A sabar da ke nesa kuwa, ya fi dacewa a fara da nixos-rebuild test, domin idan sauyin ya katse SSH, hanyar shiga sabar daga nesa, sake kunna na'urar zai mayar da tsohon tsari. Kada kuma a yi gaggawar gudanar da nix-collect-garbage -d, domin yana share tsofaffin tsare-tsaren da ake komawa gare su.