Darasi na Tara: Waye Mai Jirgin Ƙasa, Kuma Wa Ke Tafiyar da Shi?

To jama'a, iyayena da yayyena 'yan aji, darasin yau akan layin dogo ne, wanda da yawanmu muke tsallake shi kullum in za mu gona ko kasuwa amma in aka tambaye mu na waye sai mu ce na gwamnati, shi kenan. To wace gwamnatin? Ta ƙaramar hukuma, ta jiha ko ta tarayya? In saniyarka ta maƙale a kan dogo, ko ka ga ruwa ya zaizaye ƙasan layi, wa za ka je ka gaya wa? Abin da nake so kowa ya tashi da shi yau kenan, ka san jirgi yana da masu shi kuma kowane taku na layin nan akwai wanda aka ɗora wa alhakinsa.

Mu ɗan koma baya tukuna. Turawa sun fara shimfiɗa layin dogo daga Legas a 1896, ya kai Ibadan a 1901. A nan Arewa kuma aka taso da wani daga Baro a bakin kogin Neja, ya iso Kano a 1911. Da farko hukumomi biyu ne daban, na kudu da na arewa, sai a 1912 aka haɗe su wuri guda. Ba don su kai kakanninmu ziyara Turawa suka yi layin ba fa, kaya suke so su kai bakin teku, kuma auduga suka sa wa rai, sai manoman ƙasar Kano suka duba suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi kuma in kasuwa ta faɗi ko ba komai a ci abar, suka dage da gyaɗa. Asalin dalar gyaɗa kenan da dattawa ke ba mu labari. Daga baya aka ja reshe daga Kano ya bi ta Ringim, Gagarawa, Malam Madori, Birniwa har ya tiƙe a Nguru a 1930, shi ne wannan namu. Wani reshen ya tashi daga Zariya ya bi Gusau zuwa Ƙaura Namoda, na Maiduguri kuwa sai 1964 ya isa.

Hukumar da ke riƙe da duk wannan sunanta Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, a jikin tarago da tikiti za ku ga an rubuta NRC, mu kuma nan reluwe muke cewa. Dokar da ta kafa ta ta 1955 ce, tun kafin samun 'yancin kai da shekara biyar. Hedikwatarta tana Ebute Metta a Legas, ba Abuja ba, mutane da yawa suna kuskuren wannan. Ta gwamnatin tarayya ce, a ƙarƙashin Ma'aikatar Sufuri ta Tarayya take, minista shi ke kai maganarta majalisar ministoci, shi ke tsayawa a kan manyan kwangiloli da neman kuɗi. Akwai kwamitin gudanarwa mai sa ido da tsara manufa, sannan akwai manajan darakta wanda shugaban ƙasa ke naɗawa, shi ne mai tafiyar da aikin yau da gobe.

To mutum ɗaya a Legas ba zai san abin da ke faruwa a Gagarawa ba, shi ya sa aka raba ƙasar shiyya bakwai. Abin yana kama da tsarin sarauta da muka sani, sarki yana birni, hakimi yana gunduma, dagaci yana ƙauye, mai unguwa yana bakin ƙofarka, kuma ba ka tsallake mai unguwa ka tafi fada kai tsaye. Shiyyoyin su ne Legas, Ibadan, Inugu, Minna, Kafanchan, Bauchi da Zariya. Ku riƙe Zariya da kyau don mu Kano da Jigawa can muke, manajan shiyya na Zariya shi ne hakiminmu a harkar jirgi, shugaban tasha kuma, wanda tsofaffi ke ce wa tasha masta, shi ne wanda ya fi kusa da mu.

A cikin hukumar aiki rabe yake sashe-sashe, kuma nan nake so mu daɗe kaɗan don nan ne ake gane yadda jirgi ke tafiya ba tare da ya yi karo da ɗan'uwansa ba. Akwai masu kula da layi da gadoji da kwalbatoci, su ne leburorin da kuke gani da helumansu suna bin dogo a ƙasa cikin rana, suna duba noti, suna cusa tsakuwa a ƙarƙashi, suna sare ciyawa. Akwai makanikai da injiniyoyi masu gyaran kan jirgi da taragu a loko. Akwai 'yan sigina da waya. Akwai sashen zirga-zirga da kasuwanci, su ne direbobi da gadi da masu sayar da tikiti da masu awon kaya. Har 'yan sanda na musamman reluwe take da su, filaye da gidajenta kuma akwai kamfaninta da ke kula da su, hedikwatarsa a Kaduna.

Direban jirgi ba shi da sitiyari, wannan ya kamata kowa ya sani. Ba zai iya kaucewa hagu ko dama ba, inda dogo ya nufa nan ya nufa, abin da ke hannunsa gudu ne da birki da ham. Tsohon layinmu kuma guda ɗaya ne tal, mai zuwa da mai dawowa duk shi suke bi, saboda haka ba inda jirage biyu za su wuce juna sai a tasha inda aka yi layi na biyu a gefe. Kafin jirgi ya bar Ringim sai tasha masta ya yi magana da na tashar gaba ya tabbatar babu wani jirgi a tsakaninsu, sannan ya ba direba izini, akwai kuma ma'aikacin da aikinsa kawai ya juya bakin dogo ya karkatar da jirgi zuwa layin da aka ce. Saboda haka in kuna cikin jirgi kuka ga ya tsaya a wata ƙaramar tasha an daɗe ba a tashi ba, sau da yawa ba lalacewa ya yi ba, jiran wani yake ya wuce, wataƙila gudus ne mai ɗauke da siminti ko taki. Haƙurin nan shi ke tsare rayukan da ke ciki.

Yanzu layi iri biyu ne a ƙasar. Tsohon, wanda ya bi ta wajenmu, faɗin tsakanin ƙarafunsa biyu milimita 1,067 ne, tsawonsa gaba ɗaya a ƙasar kusan kilomita 3,500, Legas zuwa Kano kaɗai ya haura kilomita 1,100. Sabon kuma faɗinsa milimita 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna mai kilomita 186 da aka buɗe a 2016 daga Idu zuwa Rigasa, da na Itakpe zuwa Warri a 2020, da na Legas zuwa Ibadan a 2021. Jirgin sabon layi ba zai hau tsoho ba, na tsoho ma ba zai hau sabo ba, ƙafafunsu ba ɗaya ba ne. An kuma ƙaddamar da aikin Kaduna zuwa Kano, da na Kano zuwa Maraɗi a Nijar wanda aka aza harsashinsa a 2021, zai bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. Kamfanin CCECC na China ne ya gina na Abuja zuwa Kaduna, na Maraɗi kuma kamfanin Mota-Engil aka ba, amma ɗan kwangila gini kawai yake ya miƙa, ba shi ne mai layin ba.

Maganar kuɗi kuwa, reluwe tana samu daga tikitin fasinja da kuɗin dakon kaya da hayar filaye, amma wannan ba ya isar ta, sai gwamnati ta sa mata a kasafin kuɗi, manyan sabbin layukan nan kuma da bashi aka yi su, har da na bankin China, kuma mu ne za mu biya da 'ya'yanmu. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji mutum yana alfahari ya hau jirgi bai biya ba, ko ya miƙa wa wani ma'aikaci ɗan abu a hannu ba rasit. Kuɗin da bai shiga asusu ba ba zai sayi man jirgi ba, ba zai biya leburan da ke duba gadar da za ka bi ta kai ba. Jirgi ya yi ta ja da baya shekara da shekaru saboda rashin gyara da rashin kuɗi da komawar kaya kan tirela, har a 1979 aka ɗauko Indiyawa suka riƙe hukumar na 'yan shekaru, jirgin Legas zuwa Kano ma sai da ya tsaya cak kafin a gyara layin ya dawo a ƙarshen 2012. A ganina talakan karkara shi ya fi kowa asara, don buhun gero ko riɗi da zai tafi kudu a tarago da sauƙi yanzu kuɗin mota ya cinye ribar.

Wani sabon abu da ya shafe mu, a watan Maris na 2023 aka gyara tsarin mulki, da can gwamnatin tarayya kaɗai ke da ikon harkar jirgin ƙasa, yanzu jihohi ma suna da damar yin doka su shimfiɗa nasu a cikin jiharsu. Ke nan in ɗan majalisar jiha ya zo neman ƙuri'a kuna da hurumin tambayarsa maganar jirgi.

Sai abin da ya rage namu. Filin da ke gefen dogo hagu da dama na reluwe ne ko da shekara nawa jirgi bai wuce ba, kada ka saya a hannun kowa, kada ka yi gini, in za ka yi shuka kusa ka fara tambaya a tasha. Ƙarfen dogo da notinansa da tsakuwar ba kayan tsintuwa ba ne, wanda ya kwance ya kai wa 'yan jari bola laifi ne babba da ke kai mutum gidan yari, kuma noti kaɗan aka cire jirgi mai ɗaruruwan mutane zai iya sauka daga layi. In za ka tsallaka da amalanke ko babur ko garke, tsaya cak, duba gabas duba yamma, kasa kunne, don jirgi ko direba ya hango ka ya taka birki sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya tsaya saboda nauyinsa. Iyaye mata dan Allah ku ja kunnen yara su daina ɗora dutse ko ƙusa a kan ƙarfe, su daina jifan taragu. Da damina in kun ga ruwa ya cinye ƙasan layi har ƙarfe yana reto, kada ku ce wani zai faɗa, ku sanar da mai unguwa ku je tasha mafi kusa, ku faɗi sunan wurin daidai da alamar da ke kusa, tasha masta zai tsayar da jirgi ya kira Zariya.

In ka yanki tikiti karanta shi tun kana gaban mai sayarwa, duba kwanan wata, sunan tashar da za ka sauka, da kuɗin da aka rubuta ko shi ka biya, sannan ka adana shi har ka sauka. A sabon layi irin na Abuja zuwa Kaduna ta waya ake saye a intanet tun 2021 kuma sunanka ake sa wa, ka tafi da katin shaidarka.

Aikin gida, kowa ya rubuta a littafinsa ya kawo ranar aji mai zuwa. Rubuta sunayen tashoshi uku da ke tsakanin Kano da Nguru, da sunan garin da ofishin shiyyarmu yake. Lissafi kuma, jirgi ya iso Kano a 1911, an kafa hukumar a 1955, shekara nawa ne tsakani? Sannan cire 1,067 daga 1,435 ka gaya mana da milimita nawa sabon layi ya fi tsoho faɗi. Wanda yake da dattijo a gida da ya taɓa aikin reluwe ko dakon gyaɗa a tasha ya tambaye shi sunan aikin da ya yi da wanda ke gaba da shi, ya rubuto mana layi biyar.