Yadda Ake Karatun Dara Har Ya Yi Wa Mutum Amfani A Majalisa

Samari kan tambaye ni ko karanta littafin dara yana ƙara wa mutum iya wasa. Yana ƙarawa ƙwarai, amma sai ga wanda ya san yadda ake karanta shi. Darar katako nake nufi, mai gida 100, wadda wasu ke kira diraf, ba darar ƙasa ta kara da tsakuwa da iyayenmu ke haƙa wa gurbi ba. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye na ƙasar Gumel, kuma da rani, in an gama kai amfanin gona gida, majalisar dara ce wurin zamana daga la'asar zuwa kiran magariba. Abin da zan faɗa a nan na gwada shi a kan allona, na kuma gwada shi a kan yaran da nake koya wa.

Masu karta ma suna da littattafansu, musamman na wasan da Turawa ke kira poka. To can akwai sa'a, akwai katin da ke ɓoye a hannun abokin wasa, ga kuɗi a tsakiya. Wannan caca ce, kuma majalisarmu ba a sa ko sisi. A dara babu abin da ke ɓoye. Duk abin da kake gani shi ma yana gani, bambancin kawai wa ya fi hangen nesa. Shi ya sa karatu ke saurin nuna kansa a dara.

Fara da sa wa allonka lamba. Littafin dara ba da dogon bayani yake magana ba, da lambobi yake yi. Gidaje 50 kaɗai ake takawa, wato baƙaƙen, kowane da lambarsa. Juya allon har baƙin gida ya zo kusurwar hagunka ta ƙasa, wannan shi ne 46. Lamba 1 tana can layin ƙarshe na abokin wasanka daga hagu, ana ƙirgawa zuwa dama, biyar a kowane layi, har a kai 50 a gabanka. 'Ya'yan baƙi 20 suna zama daga 1 zuwa 20, na fari daga 31 zuwa 50, fari ne ke fara taku. In ka ga an rubuta 32-28, ɗa ne ya tashi daga 32 ya koma 28. In ka ga 28x17, ci ne. Ka samu alli ko biro ka rubuta lambobin a kan katakon, kada ka ji kunyar masu dariya. Yawancin littattafan da harshen Holan, Faransanci da Rashanci aka rubuta su, wasu da Ingilishi, amma da zarar ka iya lambobin nan za ka bi wasan ko ba ka jin kalma ɗaya.

Sai doka. A majalisarmu, in ci ya zo maka ta hanya biyu, ka zaɓi wadda ka ga dama. A dokar duniya, wadda hukumar dara ta duniya da aka kafa a 1947 take bi, dole ka bi hanyar da ta fi yawan 'ya'ya. Tarkuna da yawa na cikin littafi a kan wannan dokar aka gina su. Saboda haka duk tarkon da ka karanta, ka tambayi kanka: in abokin wasana yana da zaɓi, tarkon zai kama? In ba zai kama ba, ka ajiye shi sai ranar da ka haɗu da masu bin dokar duniya.

Yanzu ɗauko allonka ka jera, ga tarkon da nake fara koya wa kowa. Fari ya taka 32-28, baƙi ya amsa da 18-23. Baƙi yana shirin cin ɗan da ke 28, sai fari ya tokare bayansa da 37-32. Duk wanda ke kallo zai ce ya yi daidai, alhali nan ya faɗa. Baƙi ya miƙa ɗa da 23-29, fari ya ci dole, 34x23. Baƙi ya sake miƙa wani da 17-22, fari ya ci, 28x17. Sai ɗan baƙi da ke 19 ya tashi ya kwashe uku a jere, na 23, na 32 da na 31, ya sauka a 26. Shi kuma ɗan farin da ya maƙale a 17 ba shi da mafita. Baƙi ya ba da biyu ya karɓi huɗu, tun wasa bai yi nisa ba. Ko da fari ya ci ta ɗaya gefen da 33x24, ribar biyu ɗin tana nan. Mutanen Holan sun sa wa tarkon sunan garinsu Harlem. Maganinsa kuwa taku ɗaya ne: ka tokare da 38-32, ka bar ɗan 37 a gidansa.

Kada ka haddace shi kamar karatun jarrabawa. Ka buga shi da hannunka, ka mayar, ka sake, har idonka ya gane abin da ya jawo shi: gurbin da aka bari a 37, a bayan 32. Wannan gurbin shi ne darasin. Zai sake fito maka a tsakiyar wasa, a wani gefen allo, da wasu lambobin dabam. Wanda ya haddace lambobi zai wuce shi bai gani ba, wanda ya gane gurbin zai gan shi ko'ina. A nan ne na ga yawancin masu cewa littafi bai amfane su ba suka kuskure. Sun karanta a kwance kamar labari, ba su taɓa jera ɗa ko ɗaya ba.

In littafi ya ba ka matsala ya ce fari ya taka ya ci wasa, rufe amsar da takarda. Jera, ka naɗe hannunka, ka nemo ta da ido kaɗai, domin a majalisa ba a taɓa ɗa a fasa. Matsala biyu ko uku bayan asuba sun fi ashirin da aka yi a gurguje. Mai babbar waya zai samu irinsu kyauta a Lidraughts, wani shafin dara na intanet, amma ko daga waya ka ɗauko, ka mayar da ita kan katako, don a kan katako za a gwada ka.

Ƙarshen wasa shi ne inda littafi ya fi kowane malami. Sau nawa ka ga mutum da sarki uku (sarki shi ne ɗan da ya kai layin ƙarshe na abokin wasa) yana bin sarki ɗaya har duhu ya yi? In mai ɗayan ya riƙe babbar hanya, wadda ta tashi daga 46 zuwa 5, canjaras ne, kuma dokar duniya tana tsayar da wasan bayan kowa ya yi taku 16. Da huɗu ne ake kama ɗaya. Wanda ya san haka tun yana da rinjaye zai lissafa musayar da zai yarda da ita.

Akwai abin da ba ya cikin littafi: haƙurin zama, jure surutun 'yan kallo, da sanin halin wanda ke gabanka, mai gaggawa ne ko mai tsoron ba da ɗa. Wani dattijo a majalisarmu bai taɓa buɗe littafin dara ba, amma har yau ba kowa ke zama gabansa ya tashi da murmushi ba. In ka koyi sabon abu, kai masa. Ka ce, "Baba, dubi wannan, yaya za ka fita?" Sau da yawa zai nuna maka hanyar da ba ta zo maka ba.

Sannan ka sayi littafin rubutu ka riƙa rubuta wasanninka, musamman waɗanda aka cinye ka. Da dare ka sake jerawa ka nemo takun da ya karya ka. Baba Sy na Senegal, wanda aka tabbatar wa kambun duniya na 1963 a shekarar 1986, ya rasu tun 1978, amma wasanninsa suna nan a rubuce, yaro a Maigatari zai iya jera su yau taku bayan taku. Gwanayen ƙauyukanmu kuwa da tarkunansu suke tafiya, wannan yana damuna matuƙa. Don haka in dattijo ya kama ka da wani tarko, ka roƙe shi ya mayar da 'ya'yan yadda suke, ka rubuta lambobin a gabansa, ka sa sunansa da ranar a saman shafin.