Yadda ake zaɓen kujerar mota ga yaro ɗan shekara uku zuwa biyar

Kafin ku je kasuwa, ku fara auna yaron. Shekaru ba su ne ma'auni ba, domin akwai ɗan shekara huɗu mai kilo 14, akwai kuma sa'ansa mai kilo 20. Ku ɗora shi a sikeli, sannan ku tsayar da shi jikin bango babu takalmi, ku auna tsayinsa da tef ɗin tela. Da waɗannan lambobi biyu za ku yi ciniki.

Bel ɗin mota don manya aka yi shi. A jikin ƙaramin yaro, na kafaɗa kan wuya yake bi, na ƙasa kuma sai ya hau ciki, tunda ƙashin ƙugunsa bai gama ƙwari ba balle ya tare shi. In aka yi karo, bel ɗin sai ya nutse cikin tumbi, ya raunata hanji ko ƙashin baya. Rungumar yaro a cinya ma ba mafita ba ce, hannu ba ya iya riƙe shi a wannan fizgar.

Mataki na biyu, ku juya kujerar ku karanta takardar da aka manna mata a ƙasa ko a baya. Ta Turai launin lemo ce, da harafin E cikin da'ira. In an rubuta R44/04, da nauyi aka raba ta: rukuni na 1 kilo 9 zuwa 18, na 2 kilo 15 zuwa 25, na 3 kilo 22 zuwa 36. In R129 aka rubuta, wadda ake yawan gani da sunan i-Size, da tsayi aka raba ta, kuma ita ce sabuwa, har da gwajin karo ta gefe ake mata. Tarayyar Turai ta hana sayar da sabbin kujerun R44 daga Satumban 2024. Ta Amurka tana bin ƙa'idar FMVSS 213, nauyi kuma da fam ake rubuta shi, sai ku raba da 2.2 ku sami kilo. Kujerar da ba ta da irin wannan takarda ku bar wa mai ita, komai kyan yadinta.

Na uku shi ne inda iyaye suka fi garaje. Kujerun wannan shekaru iri biyu ne. Akwai mai maɗaurinta na kanta mai rassa biyar, biyu a kafaɗu, biyu a ƙugu, ɗaya tsakanin ƙafafu. Akwai kuma wadda ɗaga yaro kawai take yi, a ɗaure shi da bel ɗin mota. Ta biyun ta fi araha da sauƙin ɗauka, shi ya sa ake gaggawar komawa gare ta da zarar yaro ya kai kilo 15. Amma tana buƙatar yaron da zai zauna cak daga farkon tafiya har ƙarshe, ba ya zamewa, ba ya tura bel ƙarƙashin hammata, ba ya sunkuyawa ɗauko biskit ɗin da ya faɗi. Ɗan shekara uku ko huɗu da wuya ya iya haka, musamman in barci ya kwashe shi. Don haka a bar shi cikin mai rassa biyar har sai ya wuce iyakarta, wato nauyinsa ya zarce abin da aka rubuta, ko kafaɗunsa sun haura ramin maɗauri na sama, ko saman kunnuwansa ya wuce kan kujerar. Yawancin na Turai a kilo 18 ko tsayin santimita 105 suke tsayawa, da yawa daga na Amurka kuwa suna kaiwa fam 65, kusan kilo 29. In kujerar da yake ciki mai kallon baya ce kuma bai wuce iyakarta ba, kada ku juya ta. Kan yaro yana da nauyi, wuyansa kuma bai yi ƙarfi ba, zaman kallon baya ya fi tallafe su. A Suwidin haka ake zaunar da yara har wajen shekara huɗu.

In lokacin komawa ta bel ɗin mota ya yi, ku sayi mai majingina da kariyar kai. Tudun zama zalla marar baya na manyan yara ne.

Na huɗu, ku duba motar. Ku zura yatsu tsakanin mazauni da majinginar kujerar baya. In kun taɓa ƙananan ƙarafa biyu a kwance, motar tana da ISOFIX, wato maƙalan da ake kafa kujerar yaro a kansu, wanda Amurkawa ke kira LATCH, kuma kusan duk motocinsu da aka ƙera daga Satumban 2002 zuwa yau suna da shi. Akwai maƙala ta uku, ta igiyar saman kujera, a bayan majingina, ko kan allon bayan kai a motar salun, ko cikin but. Igiyar nan ce ke rage wurgawar kan yaro gaba, ita ce kuma aka fi mantawa. Kada a maƙala ta a ƙugiyar ɗaure kaya, ba don wannan nauyi aka yi ta ba. Motar da ba ta da ƙarafan, a ɗaure kujerar da bel, in an yi daidai ba ta da matsala. Sai dai kujerar tsakiya mai bel ɗin cinya kaɗai ba ta dace da wadda ke ɗaga yaro ba.

Kujerar gwanjo sai an yi taka-tsantsan. Wadda aka taɓa yin haɗari da ita tana iya zama garau a ido alhali ta tsage a ciki, mai sayarwa kuma shi ma bai san tarihinta ba. In ta zama dole, ku nemi ranar ƙira, domin yawancin kamfanoni shekara 6 zuwa 10 suke ba ta, zafin ranarmu kuma yana saurin gajiyar da roba. Ku yaye yadin ku duba tsaga, da farin layi a inda roba ta lanƙwasa, da karyayyen soso a wajen kai. Maɗauri kada ya zama ya zare, makulli kuma ya ce ƙas in an danna. Ta ɗan'uwan da kuka san yadda ya riƙe ta ta fi ta kasuwa.

Ku roƙi mai shago ya bari ku gwada ta a motarku kafin ku biya. A kujerar baya za a ɗaura ta, hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ma tana jan kunne kan zaunar da yara 'yan ƙasa da shekara 12 a gaba, inda jakar iska za ta iya yi musu illa. Ku bi da bel ta hanyar da aka yi wa alama, ku danne kujerar da gwiwa, ku ja sosai. Sannan ku kama ta daidai inda bel ya ratsa ku girgiza. In ta motsa fiye da santimita 2.5, ku kwance ku sake.

Sai a zaunar da yaron. A kujera mai kallon gaba, maɗauri ya fito daidai kafaɗa ko sama kaɗan, a mai kallon baya kuma daidai kafaɗa ko ƙasa kaɗan, kuma kada ya murɗe. Ku gwada tsunkule shi a kafaɗa da yatsu biyu, in ya tattaru to da sauran sako-sako. Maɓallin ƙirji na kujerun Amurka daidai hammata yake zama. Da hunturu a cire wa yaro rigar sanyi mai kauri kafin a ɗaure shi, a lulluɓa masa ita daga sama, domin tana lotsewa a karo ta bar fili. Da bazara kuwa ku taɓa ƙarfen makullin da bayan hannu kafin ya zauna, in motar ta wuni a rana ku riƙa rufe kujerar da tawul.